Kafiretar da Dallatu Ya Ajiye

Dallatu taubashina ne, ɗan wan mahaifiyata, don haka ina da ikon faɗin abin da na ga dama a kansa. Da yana raye ma a gabansa nake faɗa, ya harare ni ya ce manomin tumatir ba shi da bakin magana a kan inji. Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa ganin mai kunnen mota irinsa ba. Ban kuma taɓa ganin wanda ya bari ɗansa ya kuɓuce masa saboda wani ƙarfe da bai fi ƙwaryar fura girma ba, sai shi.

Ƙauyenmu yana tsakanin Bici da dam ɗin Watari, inda gona ke jikin gona, ba ka samun ko tafin hannu na ƙasa da ba mai shi. Kawu Haruna, mahaifin Dallatu, yana da 'ya'ya maza da yawa da gonaki kaɗan. Kowa ya san in an zo rabo, abin da zai faɗo wa mutum ɗaya ba zai riƙe gida ba. Shi ya sa tun yana saurayi Dallatu ya rataye fartanya ya tafi Bici koyon kanikanci. Ya daɗe a can. Ya dawo a zamanin da kuɗin mai ke yawo a ƙasar nan, da matarsa Adama, da wata farar akori-kura Fijo da ya saya a hannun wani ɗan kwangila. Ba sabuwa ba ce, amma a hannunsa ta koma kamar jiya aka fito da ita.

Muna zaune a zaure mota za ta wuce can bakin titi, ba ma ganinta, sai ya ɗaga yatsa ya ce wannan fulogi ɗaya ya mutu, ko ya ce wancan direban yana cin amanar maigidansa, bai canza baƙin mai ba. Ni nakan yi masa musu don kawai in ji daɗi. Ba ya fushi, sai dai ya ce in koma lambu.

Da aka fara noman rani a Watari, duk muka faɗa tumatir. Tumatir kuwa ba gero ba ne, ba ya jiran kowa. In ka tsinka da yamma, dole gobe da sassafe ya kasance a kasuwar 'Yankaba a Kano, kafin rana ta ɗaga, kafin dillalai su cika motocin kudu. Wanda ya riga isa shi ke sayarwa da daraja. Wanda ya makara kuma ya sayar wa masu miya a wulaƙance, ko ya zubar. Motar Dallatu ita ce ƙafarmu. Duk unguwarmu ba mai neman wata mota, shi ma ba ya ɗaukar kayan wani sai ya gama da namu.

Kafin in zo kan ƙarfen nan, sai na ba da labarin rumbun Kawu Haruna, don daga can ciwon ya samo asali. A shekarun babban farin nan, muna samari, Kawu yana da wani rumbu da ya cika da gero ya yaɓe bakinsa da laka. Yunwa ta shigo gari sosai. A gidansa aka ci tafasa, aka ci dusa, yara suka rame, matansa suka roƙe shi har suka gaji, ya ce ba a taɓa rumbun nan. Sai da ruwa ya sauka ya zauna, aka shiga noma, sannan ya fasa lakar. A wannan daminar mutanen gidansa ne kaɗai ke da ƙarfin riƙe fartanya har yamma, su ne kuma ke da iri, har suka ba maƙwabta. Dallatu ya ba ni wannan labari ya fi a ƙirga, kamar ba tare muka ci tafasar ba. Abin da ya ɗauka a ciki shi ne mutumin kirki ba ya taɓa abinsa mai kyau, komai wuya, domin wuyar da ke gaba ta fi ta yau.

Shi mutum ne mai rediyo. Labarin siyasa ba ya damunsa, amma in aka taɓo kamfanonin harhaɗa motoci na Kaduna da Bauchi, ko farashin kayan gyara, sai ya ƙara murya ya hana kowa tari. Ana gab da shiga zamanin tsuke bakin aljihu, wanda 'yan boko ke ce wa SAP, ya sansano cewa naira za ta faɗi. Bai yi shawara da kowa ba, ya kama sansa na kiwo ya sayar, ya tafi Sabon Gari ya dawo da wani ɗan kwali a hammata.

A zaure ya buɗe mana. Kafireta ce sabuwa dal, har da mazauninta, tana sheƙi kamar kwanon amarya. Ga wanda bai sani ba, kafireta ita ce maƙogwaron mota, ita ke gauraya fetur da iska ta ba inji. Ta motarsa baki ɗaya gare ta. Wannan kuwa mai baki biyu ce, irin wadda ake sa wa motocin da ake son su yi ƙarfi. Ya nuna mana da ɗan yatsa: baki ɗaya na tafiyar yau da kullum ne, na biyun ba ya buɗewa sai an taka totur sosai, lokacin da mota ke ɗauke da kaya tana neman numfashi. Ya ce ranar da ya ɗaura wannan, ba motar da za ta riga mu shiga 'Yankaba.

Na ce to, ɗauko sifana mana.

"Ba yanzu ba," in ji shi. "Tsohuwar tana aiki."

Ya shafe ta da mai, ya naɗe a tsumma, ya rasa inda zai ajiye saboda ɓera da laima. Daga ƙarshe ya shiga ɗakin Adama ya sa ta kwashe zannuwanta daga babbar kwallarta, wadda ke ƙasan jere, ya sa ƙarfensa a ciki ya rufe. Lokaci-lokaci yakan sa a sauke kwanukan da ke sama, ya fito da ita, ya goge, ya duba, ya mayar. Adama takan ce tun da aka kawo ta gidan ba a taɓa shafa mata mai yadda ake shafa wa abin nan ba.

Abin haushin shi ne hasashensa ya yi daidai, kuma daidai ɗin nan ne ya ƙarasa shi. Naira ta faɗi. Sabuwar mota ta gagari manyan ma'aikata, balle mu. Kayan gyara na asali suka ɓace daga shaguna, jabu ya cika kasuwa, sai kuma kwancen da ake shigowa da shi daga Turai, wanda ake ce wa Beljiyam. Kullum rediyo na cewa kamfani kaza ya rage aiki, kamfani kaza ya sallami ma'aikata. Duk sanda aka faɗi irin wannan, sai Dallatu ya kalle mu yana gyaɗa kai, kamar shi ya aika a faɗa. Wani alhaji daga Tofa ya ji labarin kafiretar, ya zo har gida ya yi tayi mai tsoka. Dallatu ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin hanya, bai ko nuna masa ita ba.

A cikin wannan hali Basiru ya girma. Shi ne ɗan fari, kuma Dallatu mutumin da ne a wajen kunya. Ba ya kiran sunansa, ba ya hira da shi, ba ya yabonsa a gaban mutane. In zai ambace shi sai ya ce "wancan". In akwai magana mai nauyi tsakaninsu, ta bakina take bi. Amma ni na san abin da ke cikinsa, don na sha kama shi yana leƙen yaron ta ƙofar zaure lokacin da yake juya mota a ƙofar gida.

Basiru a cikin motar nan ya buɗe ido. Da bayan Dallatu ya fara ciwo, shi ya karɓi sitiyari, ya kuma iya. Ba ya gudun banza, ba ya jefa kwando a rami, manoma suna son sa. Samarin ƙauyenmu a lokacin kowa idonsa na kan birni ko kudu, amma shi ba ruwansa. Ya ce da ni shi dai a bar shi da hanyar Bici zuwa Kano ya ishe shi. Har ya buga tubali ya fara ginin ɗaki a gefen gidan ubansa, bango ya kai ƙirji, ana ta tsokanarsa ana tambayar wace ce mai sa'ar.

Sai dai motar ta fara gajiya, kuma a maƙogwaro ta gaji. Tsohuwar kafiretar ta cinye. Tana shan mai kamar ana zuba wa rairayi, tana baƙin hayaƙi, in inji ya ɗauki zafi sai ta shaƙe ta mutu. Ga shi an shiga shekarun wahalar fetur, gidajen mai a rufe, sai na 'yan bumburutu a galan, wanda Allah kaɗai Ya san abin da aka gauraya a ciki. Basiru ya koma yawo da 'yar waya a aljihu. Mota ta tsaya, ya sauka ya ɗaga bonet, ya kwance, ya tsokale 'yar hudar da mai ke bi, ya sa baki ya busa, ya mayar. Leɓensa duk ya tsattsage saboda fetur. Direbobin tasha suka sa masa suna Sarkin Busa, in ya shigo su riƙa tambayarsa ina algaitar.

A daidai lokacin wani Uwaisu, ɗan wajen Tofa, ya sayo wata doguwar mota 'yar Beljiyam ya fara zagaya lambunanmu yana gaisuwa. Ba mu kula shi ba, saboda zumunci. Amma mun fara isa kasuwa a makare, kuma kowa ya ji a jikinsa.

Wata rana Basiru ya same ni a lambu ina ban ruwa. Ya tsuguna ya gaishe ni, ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce, "Baba Sule, don Allah ka yi masa magana. Abin nan yana cikin kwallar Inna yana kwana, ni kuma ina kan titi ina shan fetur. In aka ɗaura, wallahi ba wanda zai sha gabanmu."

Na je na sami Dallatu. Ya saurare ni har na gama, sannan ya kawo hujjarsa, kuma ba zan ce hujjar banza ba ce. Ya ce da wannan gurɓataccen man zai shayar da sabuwar kafireta? Wata nawa za ta yi kafin ta koma kamar tsohuwar? In ta lalace kuma, a ina zai sami wata, tunda irinta ta ƙare a ƙasar? Tsohuwar dai ana busawa tana tashi. Na ce masa ai ko Kawu Haruna da yake taƙama da shi ya fasa rumbun nan daga ƙarshe, ba a binne shi da geron ba.

"Baba sai da ruwa ya zauna ya fasa," in ji shi. "Kai ka ga ruwa ya zauna a ƙasar nan?"

Na kira shi sunayen da taubashi kaɗai ke iya kira. Na ce masa maƙo ne ya yi masa rawani yake kiransa hikima. Ya yi dariya ya miƙo mini goro. Na koma sau da yawa bayan wannan, Adama ma ta yi nata a ɗaki, amsar dai ɗaya ce: a bari mai ya gyaru tukuna.

Ranar da abin ya faru, bazara ta kankama, tumatir ya nuna gaba ɗaya kamar an yi masa umarni. Muka yi tsinka babba, kusan ta ƙarshe a shekarar, wadda kowa ke sa ran zai sayi takin damina da ita. Aka yi wa motar lodi har kan rufin direba. Ni na shiga gaba don in wakilci masu kaya. Muka tashi bayan sallar asuba.

Ba mu yi nisa da Bici ba ta fara tari. Basiru ya sauka ya busa, muka ci gaba. Kafin Dawanau ta sake mutuwa. Wannan karon da ya zo ɗaure murfin kafiretar, zaren notin da aka shekara ana kwancewa ana ɗaurewa ya cinye gaba ɗaya, ya ƙi kamawa. Ya gwada da zare, ya gwada da sabulu, ya gwada da roba, da an tayar sai fetur ya riƙa bulbulowa a kan inji mai zafi. Ba mai hankalin da zai tuƙa mota a haka. Muna tsaye Uwaisu ya zo wucewa da lodin wasu. Ya tsaya, ya yi mana sannu, ya duba bai da wurin ko kwando ɗaya, ya wuce.

Rana ta ɗaga. Duk motar da muka tsayar a cike take, ko kuma mai ita ya ce ba shi da man da zai yi jan wata. Basiru ya hau acaɓa ya tafi neman tsohuwar kafireta ta aro a wajen kanikawa, ya bar ni da kaya. Ni kuma na zauna a gindin wata bishiya ina kallon guminmu yana narkewa. Kwandunan ƙasa suka fara fashewa saboda nauyi da zafi, ruwan tumatir yana bin ƙasan bodi yana ɗiga a kan kwalta. Ƙudaje suka taru. Kafin azahar warin ya canza.

Da ƙyar Basiru ya samo ta aron ya ɗaura, muka isa 'Yankaba kasuwa ta watse. Dillalinmu ya ɗaga ganyen da ke kan kwando ɗaya, ya mayar, ya ce Allah Ya kiyaye gaba. Ɗan abin da ya tsira muka sayar wa masu miya yadda suka ga dama, sauran muka biya aka kwashe mana zuwa juji. Muka juyo gida. Da muka iso Basiru ya ɗebo ruwa ya wanke bayan motar shi kaɗai, ya hana kowa taya shi.

Ba wanda ya zagi Dallatu, da an zage shi ma da ya fi sauƙi. Masu kaya suka zo ɗaya bayan ɗaya suka ce ƙaddara ce, Allah Ya mayar da alheri. Da aka zo tsinka ta gaba, kowa ya aika wa Uwaisu. Nawa ma can ya tafi, don ina da iyali.

A zauren Dallatu, ina zaune, Basiru ya yi abin da bai taɓa yi ba. Ya shigo ya durƙusa a gaban ubansa ya yi magana da bakinsa, ba ta bakina ba.

"Baba, a ba ni kafiretar in ɗaura, in je in ba mutanen nan haƙuri su dawo. In ba haka ba, ba ni da sana'a a garin nan."

Dallatu bai kalle shi ba. Ni ya kalla. Na ɗauka yau dai za a fasa rumbu. Sai ya ce, "Sule, gaya masa na duba tsohuwar. Zan kai a yi mata sabon zare, za ta yi wata shekarar. A bari mai ya gyaru."

Ya kuwa kai aka yi mata, ya dawo yana alfahari da aikin. Basiru ya ƙarasa ranin yana ɗaukar taki da kara. Da damina ta kawo kai, ya sami wani direban tanka da ke neman mataimaki a Fatakwal. Ya zo ya sallame ni, ya sallami uwarsa, ya durƙusa a ƙofar zaure ya ce zai tafi. Ubansa ya ce Allah Ya tsare. A safiyar nan Adama ta sauke jerenta da kanta, ta jawo kwallar har tsakar gida ta dire a gaban mijinta tana kuka, ta ce ga ta nan, yaron bai kai bakin titi ba tukuna. Dallatu ya sunkuya ya ɗauki kwallar ya mayar ɗaki.

Da yamma na same shi a gindin darbejiyar ƙofar gida, kusa da motar. Na zo da niyyar in wanke shi tas. Kafin in buɗe baki ya ce, "Kai ma kana ganin don kaina nake ajiyewa? Ni me ya rage mini a tuƙi? Wa nake ajiye wa in ba wancan ba? So nake ranar da ƙasa ta daidaita in miƙa masa mota da sabon maƙogwaro."

Na ce to me ya hana ka gaya masa? Ya ce ai ba a yin haka da ɗan fari. Ya ce kudu ba gida ba ne, zai zaga ya dawo. Raina ya ɓaci ƙwarai a ranar, har yanzu kuma in na tuna yana ɓaci. Na aika wa Basiru da maganar ta bakin wani direba. Amsar da ta dawo ita ce yana gaida kowa.

Bai dawo ba. Ya zama direban tanka na kansa, ya yi aure a can cikin Hausawan Fatakwal, ya haifi 'ya'yan da Turancin kasuwa ya fi Hausa zama a bakinsu. Ba ya rowa, yana aiko da abin da ya samu. Yakan zo Sallah jefi-jefi, ya durƙusa ya gaida ubansa, su yi maganar ruwan bana da lafiyar hanya, shi ke nan. Bangon ɗakin da ya fara, damina ta riƙa cinsa a hankali har ya koma tudun da awaki ke hawa.

Motar ta yi 'yan shekaru tana ƙananan ayyuka a hannun wannan da wancan, sannan tayoyi suka ƙare, aka ɗora ta a kan duwatsu a gindin darbejiya. Dallatu bai yarda ta mutu ba. Yakan ɗaga bonet ya zuba ɗan mai a inji, ya juya shi da hannu don kada ya kafe. Mai kuwa bai taɓa gyaruwa yadda yake jira ba, in ya samu ya yi tsada, in ya yi sauƙi ya ɓace. Wata rana muna jin rediyo aka ce motocin yanzu ba su da kafireta sam, na'ura ce ke auna musu mai. Ya ce ƙarya ne. Da wani ɗan unguwarmu ya zo da irinta ya buɗe masa ya shafa da hannunsa, bai sake tayar da maganar ba. Daga baya yanar ido ta rufe masa gani, ya koma gane mutane da murya.

Sai Allah Ya yi wa Adama rasuwa. Basiru ya zo, gemunsa da furfura. Bayan an share makoki mata suka shiga raba kayan ɗakinta, aka sauke jeren da ya yi shekara da shekaru a tsaye. Babbar kwallar ta faɗo a rabon Sakinatu, ƙanwar Basiru. Muna zaune a ƙofar gida, mun idar da azahar ke nan, sai ga ta ta fito da ƙunshin tsumma a hannu biyu, ta durƙusa ta ajiye a kan tabarma.

"Baba, ina za a sa wannan?"

Dallatu ya laluba ya kwance tsumman. Tana nan yadda na gan ta ranar farko, ko ɗigon tsatsa babu. Ya daɗe yana shafa ta. Ban sani ba ko tunanin inda zai ajiye yake yi ya rasa, ko kuwa tunanin mai kwallar. Can ya ce da ni in ce wa wancan ya zo ya ɗaura. Na ce ga shi nan a gabanka, ni na gaji da aike. Sai ya juya wajen da yake jin numfashin ɗansa.

"Basiru, zo ka ɗaura."

Wannan ne karo na farko da na ji sunan a bakinsa.

Basiru ya tuɓe babbar riga. Aka aro batir a wajen mai injin niƙa, aka sayo galan ɗin fetur, ya wanke fulogai, ya zare tsohuwar kafiretar da mazauninta ya ajiye a ƙasa. Hannunsa bai manta komai ba. Dallatu yana tsaye ya dafa gefen motar, daga jin ƙarar sifana yake cewa wannan notin ya isa, wancan a ƙara masa. Sabuwar ta zauna daram kamar don motar aka yi ta. Basiru ya shiga ya murɗa makulli. Ta yi tari, ta tofar da hayaƙin shekaru, ta sake yi, sannan ta kama.

Ni ba kunnen mota gare ni ba, amma ko ni na san ban taɓa jin ta haka ba. Injin yana tafiya sumul, ba gargada, ba shaƙewa. Dallatu ya karkata kai yana saurare, ya ce a ɗan sassauta wani noti, aka sassauta. Sannan ya ce, "Taka." Basiru ya taka totur har ƙasa, baki na biyun ya buɗe, motar ta yi wani ruri da ya kori kaji daga ƙarƙashinta, mata suka leƙo ta kan katanga. Fuskar Dallatu ta washe kamar ta saurayin da ya dawo daga Sabon Gari da kwali a hammata.

"Taka ce," ya ce. "Dama kai na ajiye wa."

Basiru ya bar ta ta ɗan yi aiki, sannan ya kashe. Ya fito ya tsuguna a gaban ubansa.

"Na sani, Baba. An gaya mini tun tuni. Amma yanzu in kai ta ina?"

A hankali ya yi maganar, ba da fushi ba. Ya ce ba mai ɗora tumatir a irin wannan motar yanzu, ko an sa mata tayoyi. Ya ce yara suna makaranta a can, aikinsa yana can, hutun da aka ba shi ma gobe zai ƙare. Ya kama hannun ubansa ya sa masa makullin a tafi, ya rufe masa yatsu a kai, ya tashi ya tafi wanke hannu.

Muka rage mu biyu. Dallatu ya zauna a kan tabarma da makullin a hannu. Ya tambaye ni ko an kira la'asar. Na ce ba a kira ba tukuna.

"Ashe aikin bai kai daga azahar zuwa la'asar ba," in ji shi.

Hawaye suka gangaro masa cikin gemu, bai share ba. Ni da na yi rayuwata ina tsokanarsa, sai na matsa na zauna kusa da shi. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma bai sake ni ba.

Washegari da safe Basiru ya kama hanya. Ba a sake tayar da motar ba, mai injin niƙa ya zo ya karɓi batirinsa. Dallatu ya ƙara ganin damina ɗaya. Ranar da ya rasu an aika Fatakwal, amma kafin Basiru ya kai rabin hanya mun dawo daga maƙabarta.

Motar tana nan a gindin darbejiya, magada ba su daidaita a kanta ba. Kwanakin baya na bi ta wurin na ɗaga bonet ɗin na leƙa. Komai ya yi tsatsa, ban da kafiretar.